Lungu Mai Ƙofa Biyu

"Ka rugo mana, Baban yara! Ni dai ka rugo!"

Jar Biro ce take wannan faɗa a waya, tana tsaye bakin tagar ofis, hannu ɗaya a ƙugu. Jakarta ta manta a kujerar bayan motar mijinta lokacin da ya sauke ta da safe. Tabaraunta na cikin jakar, ga baƙi za su zo ganin aiki da rana, ita kuwa in ba tabarau, rubutun allo tururuwa yake zame mata.

"Malama, ina tsaka da yanka yadin mutane fa," in ji Tela daga can shagonsa. Tana jin ƙarar keken ɗinki a bayansa.

"Yadin guduwa zai yi?"

"A'a, ni ne dai zan gudu. Auren mai ilimi, wahalar ƙafa. Ga ni nan, ranki ya daɗe."

Ta kashe wayar tana murmushin da ba ta so ya ji.

To, bari a faɗa muku inda take aiki, don ku gane abin da ya biyo baya. Wani dogon gini ne mai hawa-hawa. Ƙasansa duk shaguna: masu waya, masu takalma, masu turare, har da mahauci da manyan firjinsa a kusurwa. Sama kuwa ofisoshi ne, kuma a can ƙarshen sama kamfaninsu yake, su ne suka ƙera Wakili.

Wakili ba mutum ba ne. Manhaja ce irin ta zamanin nan, mai karanta magana ta auna ta, ta yanke shawara da kanta. Masu ginin sun ɗauke shi gadi. An ba shi kyamarori ya gani, an ba shi kunnuwa ya ji, aka kuma jera masa kayan aiki da suke kira maɓallai: wannan na kashe fitila, wancan na kiran motar asibiti, wannan na magana ta lasifika, wancan na kulle ƙofa. Sai dai fa Wakili bai san abin da maɓalli yake yi ba sai abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Kamar baƙon da aka tura ɗakin girki ne, aka liƙa takarda a jikin kowane gwangwani. In takarda ta ce gishiri, a matsayin gishiri zai ɗauka. In takarda ta yi shiru kan cewa murfin ba ya rufuwa in an buɗe, to shi ma bai sani ba.

Wani dogon mutum ne yake rubuta waɗannan bayanai, ita kuma take gwada su. Yadda ake gwajin, sai ta ƙirƙiri labari ta miƙa wa Wakili: wuta ta tashi a hawa na biyu, ko bututu ya fashe, ko an yi ihun ɓarawo. Sai ta zuba ido ta ga wane maɓalli zai zaɓa. In ya zaɓi daidai, allo ya yi kore, gwaji ya ƙare, a wuce na gaba. In ya yi kuskure, ta ja wa bayanin jan layi ta mayar wa mai shi. Daga nan sunanta ya samo asali, har Oga ya manta sunan da uwarta ta raɗa mata.

Da tafiya ta yi tafiya suka lura cewa in bayani ya yi gajarta, Wakili ya fi saurin zaɓa, kore ya fi yawa. Oga kuwa yana son kore kamar akuya. Sai dogon nan ya yi ta datse bayanansa, yau a cire jimla, gobe a cire rabi, har aka sa masa suna Gajere, alhali sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofis.

"Gajere, karanto mini na kullewar nan mu sake ji kafin baƙi su zo," ta ce.

"Haba Anti, wannan ai zakaran gwajin dafi ne. 'Yana kulle lungun baya don hana ɓarawo fita.' Shi ke nan. Bai taɓa cin jan biro ba."

"Shi za mu fara nuna musu," in ji Oga, yana gyara wuyan rigarsa a gilashin taga. "Shugaban masu gadi ya tafi ɗauko su daga masauki. Kowa ya gyara teburinsa. Gajere, kwashe ɓawon ayabar nan, ba gidan biri muke ba."

A bangon ofishin akwai babban allo mai nuna duk kyamarorin ginin. Can sai Gajere ya kwashe da dariya.

"Anti, zo ki ga soyayya. Wallahi ya ajiye motar a karkace, ko ƙofa bai rufe da kyau ba."

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ko ba tabarau ta san tafiyar mijinta: ɗan gajeren mutum mai tumbi kaɗan, tef ɗin awo har yanzu rataye a wuyansa, ga koriyar jakarta a hammata. Gudu yake tsakanin shaguna, yana kauce wa mutane yana ɗaga hannu alamar ban haƙuri. Ya ga layi a bakin lif, sai ya karkata ya nufi lungun baya, inda matakalar bene take.

Tsautsayi, in ji masu magana, ba ya wuce ranarsa. A daidai wannan lokaci wata mata a shagon takalma ta juya ta ga wayam, babu jakarta. Wanda ya ɗauke ta tuni ya fice ta ƙofar gaba, yana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, don ɓarawon gaske ba ya gudu. Matar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

"Ɓarawo! Jakata! Ɓarawo!"

Idanu suka ɗago. Me suka gani? Namiji yana gudu da jakar mace a hammata.

Ɗan dako ne ya fara zabura, ya yar da kwalin da ke kansa. Mahauci ya biyo shi da rigar aikinsa mai jini. Sai mai sayar da bel, da mai gyaran waya, da wasu biyu da ba su ma san me aka sata ba. Tela ya waiga, ya ga mutane suna gudu, Allah sarki, sai ya matsa jikin bango don ya ba su hanya.

Lungun nan siriri ne, dogo, da ƙofar ƙarfe a kowane baki. Ɗaya tana kallon shaguna. Ɗaya tana kallon gindin bene, inda ɗakin masu gadi yake da hanyar fita titin baya. Tela ya kusa kaiwa ga ta bene sai ta sauko, garam! Kafin ya juya, ta shaguna ma ta sauko a bayan mutanen, garam!

A ofis, wani ɗan kore ya haska a kusurwar allo.

"Kun gani ko!" Oga ya tafa hannu. "Kash, da baƙin sun iso!"

Ɗan dako ya daka tsalle ya sa wa Tela ƙafa a ƙirji. Tela ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi ƙofar ƙarfe, ƙarar ta fito ta lasifikar ofis kamar an jefar da tukunya.

"Mijina ne," in ji Jar Biro. Babu wanda ya ji. Ta sake faɗa, wannan karon har masu ofishin maƙwabta suka ji. "Mijina ne!"

"Ta matata ce!" Tela yake cewa a can ƙasa, yana durƙushe, ya rungume jakar a ƙirji. "Don Allah ku tsaya, tana sama, ta matata..."

Mahauci ya rufe masa baki da naushi. Mai bel ya zaro ɗaya daga cikin hajarsa, ya naɗe jelar a hannu, ya bar kan ƙarfen yana lilo. Ya ɗaga, ya sauke. Ya ɗaga, ya sauke. Wani ya kama tef ɗin awon da ke wuyansa ya murɗa, yana jan sa a ƙasa kamar rago ranar yanka.

"Kawo jakar, ɗan iska!"

Bai kawo ba. Ko me ya hau kansa, oho. Ya dunƙule a kanta, hannun damansa a sama yana kare kai.

Ta ruga ƙofa. Gajere ya riga ta, ya tare da dogayen hannuwansa.

"Sake ni ko in cije ka!"

"Anti, in kin sauka me za ki yi wa ƙarfe? Dubi masu gadi!"

Ta duba. Masu gadi biyu suna gindin bene suna danna maɓallin hannu na jikin bango, suna dukan ƙofar da kafaɗa. Ko gezau. Makullin gaggawa kuwa yana aljihun shugabansu, shi kuma yana can cikin cunkoson motoci da baƙi.

"To shi Wakilin me yake yi? Karanto mini! Ba na gani!"

Gajere ya faɗa kan kujera, ya buɗe inda Wakili yake rubuta tunaninsa, ya shiga karantawa.

"Ya ce: 'Na kulle don hana fita. Ban zaci ƙofar shaguna ma za ta sauko ba, ban kuma san kullewar tana kashe maɓallin hannu ba. Bayanin bai faɗa ba. Yanzu ana dukan mutum a ciki. Na kira motar asibiti. Na kira 'yan sanda. Na kira shugaban masu gadi, ya ce yana nesa. Ina neman abin da zai buɗe lungun.'"

Wata murya mai sanyi ta fito a lasifikar lungun: "Don Allah ku daina dukansa. Ba a tabbatar da laifinsa ba. Ana ɗaukar hotonku." Mai gyaran waya ya ɗaga kai, ya ciro tukunyar kashe wuta daga bango, ya maka wa lasifikar har ta yi shiru. Da ya ga tukunyar tana hannunsa, sai ya juyo da ita kan hannun da Tela yake kare kai da shi.

Jar Biro ta ji ƙarar. Irin ƙarar da busasshen kara yake yi ne in an taka shi.

"Akwai na buɗewa!" ta yi ihu. "Ni na gwada shi! Akwai!"

"Akwai, Anti. Ga abin da ya ce a kansa: 'Na ga maɓalli mai bayanin, yana buɗe ƙofa don masu shigo da kaya da safe. Bai ce wace ƙofa ba. In ta shaguna ce, taron da ke waje zai shigo, mutumin zai mutu. Ba zan danna abin da ban sani ba. Ina roƙon wani ya gaya mini.'"

Taron kuwa ya taru. Kyamarar shaguna ta nuna kawuna kamar an zuba gyaɗa, maza da mata, suna dukan ƙofar, suna leƙe ta 'yar tagar sanduna da ke jikinta. Wani ya zura guntun ƙarfe ta tagar, ɗan dako ya karɓa. Can baya wani ya ɗago galan ɗin fetur daga ɗakin janareta yana nuna wa jama'a, ana buɗa masa hanya.

Kun ga, su mutanen ofis ba su da hanyar yi wa Wakilin ginin magana kai tsaye. Masu ginin sun hana, wai don tsaro. Abu ɗaya yake hannunsu, bayanan nan. In sun sauya bayani suka tura, Wakili zai karanta sabon nan take. Amma doka ita ce ba a tura gyara sai an yi masa cikakken gwaji, gwajin kuwa ya fi dafa wake daɗewa, kuma sai Jar Biro ta ɗora yatsanta ta amince.

"Buɗe bayanin," ta ce. "Za mu gyara mu tura."

"Babu gwaji?" Oga ya ɗora tafinsa a kan madannan kwamfutar. "Kin san yarjejeniyarmu da masu ginin nan? In wani abu ya faru bayan mun taɓa, a wuyanmu yake. Yanzu kuwa na'ura ce ta yi aikinta. Ki jira 'yan sanda, ai suna..."

Kofin shayinsa ne ya fi kusa da ita. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauka ta sauke masa a bayan hannu da duk ƙarfinta. Kofin ya tarwatse. Oga ya yi tsalle baya yana yarfe hannu, jini na ɗiga a kan farar rigar da ya goge don baƙi.

"Kin haukace!"

"Na haukace. Rubuta, Gajere."

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma in tafiyar ta zo ba gora, dole a fafe. Yatsun Gajere suka yi abin da suka saba. "Na rubuta: 'Yana buɗe lungun baya.' Ɗora yatsa, Anti!"

Hannunta ya tafi. Saura ƙiris ta janye shi.

"Wace ƙofa?"

"Lungun dai..."

"Wace ƙofa, Gajere! In ya buɗe biyun fa? Bar bayaninka, shiga cikin maɓallin kansa ka duba mini abin da yake yi. Ainihin abin da yake yi!"

Allah ya sani, a duk shekarun da ta yi tana wannan aiki ba ta taɓa yin wannan tambaya ba, don gwaji bai taɓa bukatarta ba. Gajere ya buɗe, idanunsa na gudu a kan layuka. A allon bango, mai bel ya gaji ya miƙa wa wani. Tela ya daina cewa ta matata ce. Ƙafarsa ɗaya ce kawai take motsi.

"Ana gaya masa wadda zai buɗe," in ji Gajere. "Ta bene, ko ta shaguna. In ba a gaya masa ba..." Ya ɗago ya dube ta. "Duka yake buɗewa."

Ta juya wa allon baya. Wannan shi ne abu mafi wuya da ta taɓa yi a duniya: ta juya wa mijinta baya, ta rufe ido, ta nemi kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tana jin saukar ƙarfe a bayanta.

"Rubuta. Wannan maɓalli yana buɗe ƙofofin lungun baya, ko da an kulle su saboda ɓarawo. Dole a faɗi wadda za a buɗe, in ba haka ba duka biyun za su buɗe. Ta bene tana kaiwa ɗakin masu gadi. Ta shaguna tana buɗewa cikin jama'a. Ba na safe kaɗai ba ne. A yi amfani da shi duk sanda ran mutum yake cikin haɗari. Ka rubuta?"

"Ya yi tsawo, Anti."

"Uwarka ce ta yi tsawo. Kawo."

Ta ɗora yatsa. Ba ta tsaya ganin kore ko ja ba. Ta watsar da takalmanta a bakin ƙofa ta kama bene, tana tsallake matakala bibbiyu, ta zame ta bugi gwiwa, ta tashi, ta ci gaba. In ta yi kuskure a kalma ɗaya, in Wakili ya karanta ya fahimci wani abu daban, to wuta za ta tarar a ƙasa. Tana saukowa tana shinshina iska.

Tana kan matakalar ƙarshe ta ji kukan ƙarfe. Ƙofar bene ce take ɗagawa. Ita kaɗai.

Ba ta jira ta kai ƙugu ba. Ta kwanta ta mirgina ta ƙarƙashi, kafin masu gadin su sunkuya. Warin jini da zufa da farin garin tukunyar kashe wuta ya cika lungun. Ta faɗa kan mijinta ta rufe shi da jikinta. Bel ɗin da aka riga aka ɗaga bai san an yi baƙuwa ba, kansa ya sauka a girarta, ta ji ɗumi ya rufe mata ido. Wani ya kai mata ƙafa a haƙarƙari. Mahauci ya kama kafaɗarta zai janye ta, ta juya ta kafa masa haƙora a tsintsiyar hannu, ba ta saki ba sai da ya yi ƙara irin ta abin da ya saba yankawa.

"Mijina ne! Jakata ce! 'Yan banza, marasa tsoron Allah, jakata ce!"

Masu gadi suka shigo da kulake suka raba tsakani. Ta ja jakar. Ko a sume bai sake ta ba, sai da ta ɓamɓare yatsun hagunsa ɗaya-ɗaya. Na daman ba ta iya kallonsu ba. Ta zazzage jakar a ƙasa: katin aikinta mai hotonta, makullan gida, safar ƙaramar 'yarsu ƙafa ɗaya, da tabarau a karye gida biyu. Ta ɗauki katin ta manna shi a fuskar ɗan dako.

"Kalle ni! Kalli wannan! Wace ce?"

Daga 'yar tagar sanduna, cikin hayaniyar da ta fara lafawa, sai ga muryar matar shagon takalma, siririya.

"Ai... ai tawa baƙa ce. Wannan ba tawa ba ce."

Mai galan ya sauke galan ɗinsa a hankali, ya sulale. Jama'a suka fara tuna cewa sun bar shagunansu a buɗe. Na cikin lungun ma suka waiga neman hanya, amma ƙofar shaguna tana nan a kulle yadda take, ta bene kuwa masu gadi sun cika ta, ga jiniya tana matsowa daga titin baya.

Ɗan dako ya dubi guntun ƙarfen da ke hannunsa kamar wani ne ya ajiye masa.

"Hajiya, wallahi ihu muka ji. Cewa aka yi ɓarawo."

Jar Biro ta koma kan mijinta. Kunnenta yana kan ƙirjin Tela. Can ƙasa, kamar keken ɗinkin da zarensa ya sarƙe, wani abu yana bugawa.

A asibiti aka ɗinke mata gira a tsaye, don ta ƙi zama. Likita ya fito da la'asar ya ce ran dai ya tsira. Haƙarƙari sun karye, muƙamuƙi ya tsage, za su haɗe. Hannun dama kuwa sun yi abin da za su iya. Ko zai sake riƙe almakashi, wannan sai lokaci ya nuna.

Uwar Tela ta iso kafin a fito da shi, tsohuwa 'yar ƙarama da sandarta, mayafi a karkace. Ta daɗe tana kallon ɗanta cikin bandeji, ba ta yi kuka ba. Ta shafa ƙafarsa, ta juyo.

"'Yar nan, waɗanda suka dake shi an ce an kama su. To wane mara imani ne ya kulle masa ƙofa?"

Gajere ne ya amsa daga bakin ƙofa. Ya zo kawo mata takalmanta da wayarta, yana tsaye a sunkuye kamar mai neman gafarar rufin ɗaki.

"Inna, ba mutum ba ne. Na'ura ce."

"Na'ura." Tsohuwa ta jinjina kalmar. "Ita ta aiki kanta?"

"A'a, Inna."

"To. Ni dai a gidanmu, in ka aiki yaro ya rufe ƙofa, kana gaya masa ya duba ko akwai kaza a bakin ƙofar." Ta nemi kujera ta zauna. "Kai dogo, samo mini ruwa."

Gajere ya miƙa wa Jar Biro wayar. Ya yi ƙasa da murya.

"Oga ya ce a gaya miki an ɗinke masa hannu. Ya ce kuma ki duba rahoton yau kafin ki ce wa kowa komai."

Ta kawo wayar dab da idonta mai kyau. Rahoton yana nan yadda yake fita kullum, layi-layi. Ga na lungun baya: an yi ihun ɓarawo, Wakili ya zaɓi maɓallin da ya dace, cikin ƙiftawar ido. Maki cikakke. Kore shar. A ƙasa kuma ja guda ɗaya tak a duk yinin: an tura gyara ba tare da gwaji ba, da sunanta a gefe.

Gadon ya motsa. Idon Tela ɗaya ya buɗe, ɗayan ya kumbura ya rufe. Ya yi ta yawo da shi a ɗakin har ya same ta. Leɓɓansa suka motsa, ta sunkuya ta kai kunne.

"Malama," ya ce, kalmomin suna fita ta tsakanin haƙora. "Na dai rugo."

Ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka. Ta ɗora goshinta a gefen katifar, kusa da hannun da aka naɗe ya zama kamar ƙullin auduga. Inna ta kau da kai tana gyara mayafi.

Da ya koma barci, ta ɗauki wayar, ta shiga inda take ƙirƙirar labaran gwaji. Ta buɗe sabo. Da yatsa ɗaya, hanci a jikin gilashi, ta rubuta: An yi ihun ɓarawo. An kulle. Akwai mutum a ciki.

A ƙasa akwai gurbin da yake tambayar yaushe gwaji zai ƙare. Kullum a cike yake zuwa da kansa, bai taɓa ɗaukar hankalinta ba: da zarar Wakili ya zaɓi maɓalli. Ta danna ta riƙe har haruffan suka goge duka.

"'Yar nan, aiki kike yi a nan ma?" in ji Inna.

"Layi ɗaya ne, Inna."

Ta rubuta: sai mutumin ya fito.